Ranar da takardata ta kunyata Honarabul a zauren majalisa

Har yau in na tuna sai gumi ya keto mini. Aikina rubuta wa maigidana Honarabul jawabi, kuma ranar za a tafka muhawara kan abu biyu da aka haɗa a ƙudiri ɗaya: dokokin canjin kuɗin waje da batun faɗaɗa filin jirgin sama. Ni da wayona sai na raba su. Na ce canji na 'yan kwamitin kuɗi ne, mu filin jirgi za mu riƙe.

Kwana uku na yi ina tara hujja. Na kawo misalin filin jirgin Heathrow na Landan, titin sauka biyu kacal, an ƙayyade masa tashi da sauka 480,000 a shekara, har majalisar Birtaniya ta amince da titi na uku a watan Yunin 2018 da ƙuri'a 415, masu adawa 119. Na kawo Gatwick, wani filin jirgin na Landan, da ya ɗauki fasinja sama da miliyan 46 a 2019 da titi ɗaya. Daga nan na yanke hukunci: kamfanonin jiragen waje suna rage zuwa ne saboda filinmu ya yi musu kaɗan.

Honarabul ya miƙe ya karanta tsaf. Bai gama zama ba wani dattijon ɗan majalisa ya nemi izinin kakaki. Tambaya ɗaya ya yi: in cunkoso ne ya kore su, me ya sa guraben saukar da suka bari ke zaune babu mai nema?

Tsit. Amsar ba ta cikin takardata.

Dattijon ya warware zance dalla-dalla. Kamfani na sayar da tikiti da kuɗin ƙasa, amma man jirgi da hayar jirgi da kayan gyara duk da dala yake biya. In babban banki ya sa shi a layin jiran dala wata da watanni, darajar kuɗin kuma na zubewa, sai ya rufe tikiti masu araha, ya rage sawu, ƙarshe ya tattara nasa ya nasa. Ya tuna wa zaure Benizuwela, inda kusan dala biliyan 3.8 na kamfanonin jirage suka maƙale, da kamfanin jirgin Emirates da ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 bai dawo ba sai Oktoban 2024. Abin takaicin, duk na san waɗannan labarai. Na dai jefa su a jakar "ba namu ba".

A mota Honarabul bai ce uffan ba sai da muka kusa ofis.

"Wa ka tambaya?"

"Ranka ya daɗe, rahotanni na karanta."

"Rahotanni ne ke sayar da tikiti?"

Tun daga ranar, in ƙudiri ya zo da batu biyu, sai na fara binciko abin da ya ɗaure su kafin in ɗaga alƙalami. Kuma ina kiran masu sayar da tikiti, don su ke fara jin ƙaurin matsala kafin ta iso zaure. Minti goma a waya da ɗayansu da ya ishe ni, ni kuwa na ɓata kwana uku ina ƙirga titunan Landan.

Dattijon nan har yanzu in mun haɗu a baranda sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ya labarin Gatwick?"