Holanci a ƙasar da kusan kowa ke jin Turanci

Da na samu gurbin karatun aikin gona a jami'ar Wageningen da ke ƙasar Holan, duk wanda na tambaya sai ya ce kada in wahalar da kaina da Holanci, ai mutanen Holan suna jin Turanci. Haka ne kuwa. Da Turanci ake karatun digiri na biyu, da shi ake cefane. Amma wasiƙar ofishin haraji mai shuɗin ambulan da Holanci take zuwa, kuma da an zauna cin abincin rana, hirar 'yan ƙasa can take komawa. Ana dariya, kai sai yaƙe.

Harafin g da ake tsoratar da baƙi da shi bai ba ni wahala ba. Wanda ya yi makarantar allo ya saba fitar da kha daga maƙogwaro, kusan shi ne. Ƙirgarsu ma irin ta Larabci ce, ɗaya da ashirin suke cewa. Inda na sha wuya shi ne de da het, ƙananan kalmomin da ake sa wa a gaban suna kamar the na Turanci, sai dai ka haddace kowane suna da nasa, da kuma aikatau da ke gudu ƙarshen jimla.

Babbar matsalar kirkinsu ce. Da ka yi tuntuɓe a kalma guda, sai su juya Turanci don su sauƙaƙa maka. Dole na koyi roƙon su su daure da ni. Na lizimci zaman hira da 'yan sa kai ke yi da baƙi a laburare, da labaran yara na NOS Jeugdjournaal kullum da yamma.

Holanci harshen mutum wajen miliyan 25 ne, a Holan, da Flanders ta Beljiyam, da Suriname, kuma daga cikinsa Afrikaans na Afirka ta Kudu ya fito. Ni dai amfaninsa a gona na gan shi. Bincikena ya kai ni wurin masu kiwon shanun madara, waɗanda ke cikin rigima da gwamnati kan rage sinadarin naitirojin da ke fita daga kashin shanu tun hukuncin kotu na 2019, har suka cika birnin Hague da taraktoci. Da Turanci, amsa gajera suke ba ni. Ranar da na soma tambaya da gurguwar Holancina, wani dattijo ya ja kujera, ya ɗauko takardun bashin banki, ya faɗa mini abin da ya sa ɗansa ya ƙi gadon gonar.