Ƙorafin kwastoma ba ya ɓata a hannunmu

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet, mu ci gaba da kula da su bayan mun miƙa. Masu araha sun cika gari, amma je ka kai musu ƙorafi: na'ura ce za ta ce "mun karɓi saƙonka", shi ke nan an shafe ka.

A wurinmu duk saƙon da ya shigo yana zama tikiti mai lamba a Freshdesk, manhajar kula da ƙorafin kwastoma, can yake zama da tarihinsa kaf. Aikina na yini kuma yana Todoist, manhajar jera ayyuka. Wasu kan haɗa biyun da Zapier, mai sada manhaja da manhaja, kowane tikiti ya zubo cikin jerin aikinsu kai tsaye. Ni ban yarda da wannan ba. Kafin rana ta take, jerin ya koma bola, aikin da ke son natsuwa ya nutse a ƙasa.

Mataki na gaba kaɗai nake ɗaukowa daga tikiti zuwa jerina. Ba na rubuta "matsalar shafin biyan kuɗi", don wannan ba abin da hannu zai kama ba ne. Sai in rubuta "duba ko takardar SSL ta ƙare", in liƙa lambar tikitin. SSL ita ce takardar shaidar tsaron shafi. Wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kwana 90 take yi, idan sabuntawar ta maƙale sai masu saye su tarar da jan gargaɗi su juya. Abin da bai kai minti biyu ba kuwa ba ya shiga jeri, nan take nake sallamarsa, dokar da David Allen, marubuci kan tsara aiki, ya yi suna da ita tun 2001.

Maigidan da ya koya mini sana'a katunan aiki yake kafawa a allo. Ba ka isa ka cire kati ba sai ka buɗe shafin a waya da kwamfuta a gabansa. Har gobe haka yarana suke yi kafin su rufe tikiti.

Masu cin rai su ne 'yan "shafina ba ya aiki". Ba hoto, ba bayani. Ka tambaye shi wane shafi, ya yi gum, bayan mako guda ya dawo da faɗa wai an yi banza da shi. Irinsu suna da jerinsu daban, "ana jira", kowanne da ranar da zan sake taɓo shi. Yanzu mun sa tambayoyi uku na dole a fom ɗin ƙorafi, amma akwai masu cika kowane gurbi da ɗigo ɗaya su tura.