Ku daina jan tsohon fim gaba

Ƙannena, akwai kuskuren da na daɗe ina tafkawa, kuma ina ganinsa a hannunku duk sanda na wuce majalisar matasa a Mabera: yatsa a kan waya, ana jan fim gaba don a kai wurin faɗa.

Ina ɗan shekara 19 kawuna na Runjin Sambo ya ba ni aron faifan Rear Window, wanda Alfred Hitchcock ya fitar a 1954. Labarin wani mai ɗaukar hoto ne da ya karye a ƙafa, ba shi da aiki sai leƙen maƙwabta ta taga, har ya fara zargin ɗayansu ya kashe matarsa. Da na ga ba harbi ba guje-guje, sai na yi ta danna gaba. Kafin la'asar na mayar, na ce ba komai a ciki. Kawu ya dube ni ya ce, "Mi kag gani, yaro, da za ka ce haka?"

Sai bayan shekaru, wani dare na hunturu, na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe. Akwai inda budurwar mai ɗaukar hoton, wadda Grace Kelly ta fito a matsayinta, ta shiga ɗakin wanda ake zargi tana bincike. Mu muna hango shi yana dawowa, ita ba ta sani ba, saurayin kuma yana kallo daga nesa da karyayyar ƙafa, ba halin ihu. Wallahi numfashina sai da ya tsaya. Amma ya tsaya ne saboda na shafe fiye da awa ɗaya a ɗakin mai ɗaukar hoton tare da su, na san su kamar 'yan gidanmu.

Hitchcock da kansa ya yi bayanin wannan da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In ya tashi ba zato, razanar ta daƙiƙa kaɗan ce. In kuwa an nuna wa mai kallo bam ɗin tun farko, hirar banza ma da ake yi a teburin sai ta hana shi sakat. Wannan jiran ne na riƙa tsallakewa.

Kuskure na biyu ya fi damuna, don wani na cuta. Na ba abokina labarin ƙarshen Psycho, wani fim ɗin Hitchcock, tun bai gani ba, alhali a 1960 Hitchcock ya sa gidajen sinima hana kowa shiga in an riga an fara nuna shi. Har yau abokin nan bai kalla ba.

In za ku gwada, ku zaɓi daren da ba ku da hanzari, ku kashe data, kada baƙi da farin hoton Psycho ya kore ku. In kun gama, ku miƙa wa na kusa da ku ba tare da kun ce masa uffan ba.