Yinin Gwajin Ƙudan Fatsa a Tafkin Rutland

Sana'ata ita ce ɗaura ƙudan fatsa, wato ƙugiyar da ake yi wa sutura da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaron ruwa, domin kifi ya zaci abinci ne ya kai mata cafka. Shagona ɗaki ɗaya ne a bayan gidana kusa da garin Oakham na tsakiyar Ingila, kuma mu biyu ne a cikinsa, ni da ɗan ƙanwata da yake koyon aikin. Na taso a Yawuri, inda birgi da taru da fatsa mai tana suka ishi masunci, saboda haka sai da na girma na zo ƙasar nan na fara ganin mutum ya fita su babu koto ko ɗaya a jakarsa.

Ƙa'idar shagon ita ce ba ma sayar da sabon samfuri sai mun kai shi ruwa kifi ya yanke masa hukunci. Wannan ne ya fitar da mu a makon ƙarshe na Afirilu, lokacin da Turawa ke murnar wucewar hunturu. Mukan fassara wannan lokaci da bazara, amma bai haɗa komai da bazararmu ba, domin da sassafe sanyi yana ratsa safar hannu, kuma ruwan tafkin yana ɗumama ne a hankali. Kifin tirawut, wanda shi muke nema, na ruwan sanyi ne. Yakan fi kuzarin cin abinci idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 10 da 16, idan kuwa ya haura 20 sai ya galabaita ya nutsa ƙasa. Shi ya sa cinikinmu na shekara yake rataye a kan watannin Afirilu da Mayu da farkon Yuni.

Tafkin Rutland ba halittacce ba ne. An datse kogin Gwash kusa da ƙauyen Empingham a tsakiyar shekarun 1970, ana kuma ƙara masa ruwa da famfo daga kogunan Welland da Nene, kuma babu madatsar da ta kai shi faɗin ruwa a Ingila. Mun karɓi kwale-kwale a Normanton, kusa da tsohuwar majami'ar nan da aka cike ƙasanta da duwatsu don kada ruwa ya cinye ta, muka nuna lasisin fatsa da tikitin yini, muka ɗaura rigunan kariya, sannan muka nufi reshen kudu na tafkin, bayan tsibirin Hambleton mai haɗe da tudu. Yawancin kifin da ake kamawa a nan tirawut ne mai jan zane a gefe, wanda asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, ana kiwonsa a gonakin kifi a zuba a tafkin. Ɗan ƙasa shi ne mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, kuma ya fi wuyar yaudara.

Abin da muka je gwadawa shi ne kwaikwayon wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda masunta a nan suke kira buzzer saboda ƙugin da garkensa ke yi. Yana fara rayuwa a matsayin jar tsutsa cikin laka, daga nan ya rikiɗe ya taso sama sannu a hankali don ya fasa fatarsa ya tashi, kuma a wannan tasowar ce kifi yake tsince shi ba tare da wahala ba. Na ɗaura iri biyu. Na farko mai kauri ne, an naɗa masa zare ninki huɗu da ƙyalli mai yawa, irin wanda masu saye ke miƙa wa hannu da zarar sun buɗe akwati. Na biyu siriri ne ƙwarai, baƙin zare ninki ɗaya a kan ƙugiya mai lamba 12, da silin waya mai ruwan azurfa da aka zagaya sau shida, da ƴan kumatu biyu masu ruwan lemo waɗanda na yanko daga ledar soyayyen dankali, sannan na shafe shi duka da man farce marar launi sau uku don ya yi santsi ya nutse da sauri. Wanda bai san aikin ba zai ce ban gama ɗaura shi ba.

A irin wannan su, igiyar ce take da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya da sanda mai tsawon ƙafa 10 har ta ɗauki ƙudan da ba shi da nauyin komai ta kai shi nesa. A bakin igiyar akwai siririn zaren roba mai tsawon kusan ƙafa 18, kuma a jikinsa muke rataya ƙuda uku, kowane a zurfinsa. Mun jefa laimar ruwa a gefen da iska ke fitowa don ta rage gudun kwale-kwalen, muka bar shi yana tafiya a karkace. Ɗan ƙanwata ya sa masu kauri, ni na sa sirara, domin gwajin ya zama na adalci.

Har ƙarfe goma babu abin da ya taɓa mu. Yaron ya fara jan igiyarsa da sauri saboda ƙosawa, na ce masa ya sassauta, domin ƙwaron da muke kwaikwayo ba ya gudu, kusan a tsaye yake cikin ruwa. Ya ce, "Kawu, to in ba na ja, yaya kifin zai gan shi?" Na ce masa ya bar iska ta yi masa aikin, shi dai ya riƙa tattara sakin igiya da yatsu kada ta yi lanƙwasa. Wajen sha ɗaya rana ta ɗan leƙo, tsattsewa suka sauko suna shawagi dab da ruwa, na kuma ga ɓawon ƙwarin yana yawo a gefen jirgi. Ba a jima ba igiyata ta miƙe kamar an fizge ta daga hannuna. Kifin ya yi tsalle sau biyu kafin ya shiga koma, kuma a ƙuda na tsakiya ya kamu.

Wannan na farko mun ajiye shi don miya, kuma shi ne ya ba mu amsar da muka zo nema. Akwai wani dogon cokali siriri da ake zura wa kifin da ya mutu ta baki a juya a zaro abin da ke cikinsa. Na zuba abin da ya fito a farin murfin roba da ɗan ruwa, sai ga ƙwarin nan birjik, wasu ma suna motsi, kowane bai fi tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, siriri kamar tsinken tsintsiya, da ɗan haske a gefen kai. Na ajiye ƙudajena biyu kusa da su. Mai kaurin ya ninka na gaskiya sau uku, siririn kuwa sai an duba da kyau za a ware shi daga cikinsu. Yaron bai ce komai ba, ya dai miƙo hannu na ba shi sirara uku.

Zuwa la'asar mun kama bakwai, shida a kan siririn, ɗaya a kan wani tsohon samfuri da ake ɗaurawa da gashin wutsiyar tsuntsun fezant da jar waya, wanda Frank Sawyer, tsohon mai kula da kogin Avon, ya ƙirƙira, kuma har yau ban ga shagon da ya rasa shi ba. Mun saki biyar ba tare da mun fitar da su daga ruwa ba, abin da ya zo da sauƙi domin mukan matse ƙayar ƙugiya da filaya tun a shago. Mun kuma yi asarar babba guda ɗaya, wanda na tabbata ya kwana biyu a tafkin. Da na jawo zaren sai na tarar ƙugiyar ta miƙe. Tana cikin wani kwali mai araha da na saya a wurin wani dillali a lokacin hunturu don in rage kuɗin kaya, kuma laifin nawa ne da ban gwada ƙarfinta da filaya ba kafin in ɗaura dozin goma a kanta. A daren na ware su duka daga kayan sayarwa.

Matsalar da yinin ya bar mini ta ciniki ce. Ƙudajen da ake sayarwa da yawa a Turai ana ɗaura su ne a Kenya, inda akwai ƙwararrun hannaye da masana'antu masu ma'aikata da dama, kuma ƙaramin shago irin nawa ba zai iya karawa da su a farashi ba. Abin da nake da shi shi ne kusanci da ruwan: ina iya ganin abin da kifi ke ci ranar Talata in ɗaura shi ranar Laraba. Sai dai mai saye da ido yake zaɓe, kuma yakan ji kamar an cuce shi idan ya biya kuɗi aka ba shi ƙugiya da ɗan zare. Na sha ganin mutum ya ture siririn ya kwashi mai ƙyalli, ya dawo bayan mako yana cewa kifin Rutland ba ya ci. Saboda haka na yanke shawarar in ci gaba da ɗaura mai kaurin kaɗan, tunda yana da ranarsa idan ruwa ya gurɓace bayan iska, amma kowane akwatin Afirilu zai fita da sirara takwas cikin goma sha biyu, tare da hoton murfin nan da ƙwarin gaskiya a gefen na ƙarya.

Muna komawa Normanton sai muka ga shahon nan mai cin kifi ya faɗa ruwa ya tashi da tirawut a ƙafa. An dawo da irinsa Rutland daga Sikotland tun 1996, suka fara ƙyanƙyasa a nan a 2001, kuma da yawansu a Senegal da Gambiya suke cin hunturu. Yaron ya tsaya kallonsa, ni kuwa hankalina yana kan wasu baƙaƙen ƙudaje masu reto da dogayen ƙafafu da na gani a kan shingen bakin ruwa. Sukan fito ne wajen 25 ga Afirilu, kuma idan iska ta kwaso su ta zuba a tafkin, kifi yakan taso sama ya bar komai dominsu. Ba ni da kwaikwayonsu ko ɗaya a shago, don haka tun a mota na ce wa yaron ya nemo baƙin gashin zakara da ƙugiya mai lamba 12 daga tsohon kwalin da muka amince da shi, gobe da asuba za mu fara.