Fentin da ke kashe ƙyalli

Laraba, Njamena

Hazo ya rufe gari tun asuba, ko Kusiri, garin Kamaru da ke tsallake, ba a hangowa daga bakin kogin Shari. Ba mu taɓa injin fesawa ba yau, don duk motar da aka yi wa fenti cikin wannan ƙura da ƙuraje za ta fito. Muna zaune a ƙofar gareji wajen hantsi sai jirgin yaƙi ya wuce. Ƙara ta cika kunne, kowa ya ɗaga kai, ba wanda ya gan shi.

Daga nan Kawu ya kama zance. Shi ya yi leburanci a sansanin Faransawa lokacin Épervier, wato aikin sojan Faransa a Chadi, wanda aka fara a 1986. Ya ce jiragen yaƙin Faransa ƙirar Jaguar da fentin Turai aka san su, kore da toka, amma na nan sai aka mayar da su ruwan yashi da ruwan ƙasa, faci-faci. Na ce, "Kawu, abin da ke sama me ya haɗa shi da launin ƙasa?" Ya ce, "Kai daga ƙasa kake kallo, yaro. Mai farautarsa yana bisansa." Gaskiya ne kuwa. Jaguar ƙasa-ƙasa yake tafiya, haka suka je suka fasa titin jirgi na Wadi Dum, sansanin Libiya a arewacin Chadi, ranar 16 ga Fabrairu 1986. Wanda ya leƙo daga sama siffar fiffike yake nema, facin nan kuma ya kakkarya ta cikin hamada.

Abin ya taɓa ni, don sana'ata ce aka juya. Ni kullum ƙyalli nake nema, in goge mota har mai ita ya ga fuskarsa. Masu jiragen yaƙi kuwa ƙyalli ne abokin gabarsu, walƙiya ɗaya ta rana a jikin ƙarfe ta isa ta tona asirin matuƙi daga nesa. Shi ya sa fentinsu a dushe yake. Kuma baya a sa mai duhu, ciki mai haske, don rana tana haska sama, inuwa tana kwanciya a ƙasa, biyun sai su daidaita. Haka Allah Ya yi barewa, baya ja, ciki fari.

Yaron shagona ya nuno mana hoton jirgin yaƙi CF-18 na Kanada a waya. A ƙarƙashin hancinsa an zana gilashin ɗakin matuƙi na ƙarya, da baƙin fenti kawai. Dabarar wani mai zane ce ɗan Amurka, Keith Ferris. Idan jirage biyu suna kewayar juna, abokin faɗa zai ɗan rikice, bai san ko bayan jirgin yake gani ko cikinsa ba, balle ya san inda zai karkata. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ake nema, a wannan gudun kuma ba kaɗan ba ce. Na daɗe ina kallon hoton nan. Rada, na'urar da ke gano jirgi daga nesa, dai ba ruwanta da launi, amma har yau matuƙi da idonsa yake duba.

Da la'asar na kasa haƙuri. Na jawo tsohuwar ƙofar mota, na haɗa ragowar ruwan ƙasa da na yashi, na shafa da buroshi, na jingina ta da katangar laka. Muka tsallaka titi. Tsakiyarta ta saje sarai, amma inuwar gefenta ta fito baƙi ƙirin. Kawu ya ce haka jirgi yake idan ya yi ƙasa sosai, sau da yawa inuwarsa a kan yashi ake fara gani kafin shi.