Godiya Bayan Kammala Kwashe Shafuka Zuwa Sababbin Sabobi

A madadin shugabanni da dukan ma'aikatan kamfaninmu na ɗaukar nauyin shafukan intanet, ina miƙa godiya ga abokan hulɗarmu bisa haƙurin da suka yi da mu a lokacin da muke kwashe shafukansu daga tsofaffin sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafukan, zuwa sababbi. Alhamdulillahi, aikin ya kammala, kuma shafuka da akwatunan imel da ke hannunmu duk suna aiki a sabon masaukinsu.

Ya dace in bayyana abin da ya tilasta wannan ƙaura, domin da yawa sun tambaya. Yawancin tsofaffin sabobinmu suna tafiya ne a kan babbar manhajar da ke sarrafa kwamfuta mai suna CentOS 7, wanda aka daina fitar masa da gyare-gyaren tsaro daga ranar 30 ga Yunin 2024. Tun a watan Disamban 2020, lokacin da aka sanar cewa CentOS 8 zai tsaya a ƙarshen 2021, masu wannan sana'a suka san cewa sai an nemi mafita, kuma a 2021 aka fitar da AlmaLinux da Rocky Linux domin cike gurbin. Mu AlmaLinux muka zaɓa. Sabar da ba a toshe mata ɓarakar tsaro tana iya ci gaba da aiki lafiya a ido, amma duk wanda ya ajiye bayanan jama'a a cikinta ya bar ƙofa a buɗe ga masu kutse, kuma ba mu ga uzurin yin haka da amanar da aka ba mu ba.

Kamfanin nan ya fara ne da hayar wuri a sabar wani babban kamfani, muna yanka shi muna sayar wa masu ƙananan shafuka. A wancan zamani mai shafi yakan rubuta fayilolinsa da hannu ya tura su ta FTP, wato hanyar aika fayiloli zuwa sabar, takardar shaidar tsaro ta SSL kuwa sai wanda ya iya saye. Daga baya muka karɓi hayar sabar tamu ta kanmu, sannan muka ƙara wasu yayin da WordPress, tsarin gina shafuka wanda ya fito a 2003, ya mamaye yawancin shafukan da muke riƙewa. Zuwan kamfanin sa-kai na Let's Encrypt da takardun shaidarsa na SSL na kyauta masu wa'adin kwana 90 ya sauƙaƙa wa kowa, musamman bayan Yulin 2018 da manhajar buɗe shafuka ta Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba shi da HTTPS, wato amintacciyar hanyar haɗi da takardar shaidar ke bayarwa, alamar rashin tsaro. Gobarar da ta ci wata cibiyar ajiyar bayanai a birnin Strasbourg na Faransa a watan Maris na 2021 ita ma ta zaburar da duk masu sana'ar, kuma tun daga nan kwafin ajiyarmu na ko-ta-kwana yake zaune a wani gini dabam, nesa da inda sabobin suke.

Wannan tarihi shi ne ya fito fili a lokacin ƙaurar, domin shafukan da suka fi ba da wahala na tsofaffin abokan hulɗarmu ne, waɗanda suka yarda da mu tun ba mu da abin nunawa. Wasunsu an gina su ne a kan yaren rubuta manhaja na PHP 5.6, wanda tallafinsa ya ƙare a ƙarshen 2018, kuma wanda ya gina su ya daɗe da barin aikin. Masu waɗannan shafuka sun zauna da injiniyoyinmu ana bin manhajojinsu ɗaya bayan ɗaya, ana sabunta wadda za ta sabuntu, ana sauya wadda ta mutu. Su ne suka fi cancantar godiyata, kuma a ganina ta bakinsu ne kamfanin ya girma, tunda yawancin waɗanda suka zo daga baya wani daga cikinsu ne ya turo su.

Ina kuma gode wa waɗanda suka jure sa'o'in da sabon adireshin sabar yake yaɗuwa a tsarin DNS mai haɗa sunan shafi da adireshin sabarsa, lokacin da wani baƙo zai ga tsohon shafi wani kuma ya ga sabo. Masu kasuwanci ta intanet sun amince an dakatar da karɓar oda na ɗan lokaci don kada ciniki ya rabu tsakanin rumbunan bayanai biyu, alhali hakan asara ce a gare su. Har waɗanda suka rubuto mana cikin fushi muna gode musu, saboda mai fushi ba ya ɓoye komai, kuma bayaninsu ya kai mu ga matsaloli da wuri.

Yabon gwani ya zama dole, don haka ina jinjina wa injiniyoyinmu da suka riƙa aiki cikin dare lokacin da maziyarta shafuka suka ragu, da ma'aikatan sashen taimako da suka amsa tambaya ɗaya sau da yawa ba tare da gajiyawa ba. Haka nan masu aikin sa-kai da ke kula da manhajojin kyauta da muke dogaro da su, waɗanda ba mu taɓa ganinsu ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ba mu goge tsofaffin sabobin ba tukuna. Duk wanda ya lura wani fayil ko tsohon saƙon imel bai biyo shi ba, ya rubuto wa sashen taimako da sunan shafinsa, za a ɗauko masa.