Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Giris Ɗin Da Ba A Sake Shafawa

Makon jiya mun tsaya a inda na bar garejin maigidana a Agege na buɗe nawa a Ijora, gefen hanyar da tireloli ke bi zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. Yau zan ɗan ajiye maganar haya da rigimar fili, domin a shekarun nan ne ɗan ƙanwata ya zo daga Zariya ya zauna a wurina yana karatun injiniya a Jami'ar Legas da ke Akoka.

Duk Asabar yakan zo ya taya mu. Aikin da na ba shi shi ne na kowane sabon yaro: ya wanke boris da kananzir, ya ɗora giris a tafin hannu, ya riƙa cusawa har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen. Wata rana yana cikin yi ya ɗago kai.

"Kawu, da za a ce ka yi wa boris ɗin nan giris sau ɗaya tak, ya yi ta juyi dare da rana shekara 15 ba mai sake taɓa shi, me za ka sa masa?"

Na ce, "Addu'a zan sa masa, ɗana."

Ya yi dariya, ya ce ai akwai mutanen da aikinsu ke nan. Ni a lokacin sanina da tauraron ɗan'adam bai wuce abin da na ji a rediyo a 2003 ba, sa'ad da aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha. Shi ya bayyana mini cewa a cikin irin waɗannan na'urori akwai ƙafafun ƙarfe masu nauyi da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma ta ƙara musu gudu ko rage shi ake juya kumbon ya fuskanci inda ake so. Ga motocin da ke karkata farantan sola su bi rana. Duk a kan boris suke.

Can sama babu iska, saboda haka man da muka saba da shi tururi yake zama ya ƙafe, tururin kuma ya je ya zauna a kan gilashin kyamara ya dushe ta. Babu nauyin da zai dawo da mai ƙasan inji, sai dai ya yi ta rarrafe a jikin ƙarfe yana barin inda aka sa shi. Gefen da rana ke duka yana wuce zafin tafasasshen ruwa, gefen inuwa kuma yana yin ƙasa da sifili da fiye da digiri 100. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan: mu a Legas abokiyar gabarmu tsatsa ce, iskar teku mai gishiri ba ta barin noti ya kwana lafiya. Amma ashe ɗan siririn rufin da iska ke yi wa ƙarfe shi ne ke hana ƙarfe biyu haɗewa. A sama, idan gogayya ta kankare shi ba ya dawowa, kuma ƙarfe tsirara guda biyu na iya mannewa su zama ɗaya ba tare da wutar walda ba.

Don haka suna amfani da mai na musamman wanda ba ya ƙafewa da sauƙi, irin su Braycote da Krytox, shi ma ɗan kaɗan ake sawa. Wani wurin kuma busasshen sinadari ake shafawa, molibdinom daisalfaid, wanda shi ne ke sa baƙin giris ɗin da muke sa wa shaft ya yi baƙi. Inda babu iska yana da santsi ƙwarai, amma danshi yana lalata shi.

Labarin da ya zaunar da ni a kan benci na Galileo ne, kumbon da hukumar NASA ta Amurka ta aika duniyar Jupita. Yana da babbar eriya mai siffar lema, haƙarƙarinta 18, an naɗe ta sai an je sama a buɗe. An ƙera shi a Kalifoniya, aka ɗora a babbar mota zuwa Fulorida inda za a harba. Sai kumbon Challenger, irin wanda zai ɗauki Galileo zuwa sama, ya tarwatse a 1986, aka dakatar da komai, aka mayar da Galileo gida a mota, daga baya aka sake kawo shi. An harba shi a Oktoban 1989. A Afrilun 1991 aka ba eriyar umarnin buɗewa, haƙarƙari uku suka ƙi saki. Masu bincike suka ɗora laifin a kan busasshen sinadarin nan da ke jikin ƙusoshin riƙe haƙarƙarin, wanda jijjigar hanya ta goge tun kumbon yana ƙasa.

Nan fa ba na buƙatar fassara. Rayuwata duka a ƙarƙashin tirela na yi ta, na san abin da girgizar titi ke yi wa kayan da aka ɗaure tamau: ba ka ganin motsi da ido, amma in ka kwance sai ka tarar wurin ya goge yana ƙyalli. A ganina, duk wanda ya ɗora kaya a mota har sau uku ya kamata ya sake duba su kafin ya sallame su, ko da kuwa manyan masana ne suka ɗaure. Injiniyoyin NASA sun yi ƙoƙari daga nesa. Suka juya kumbon ya sha rana, suka juya shi ya sha sanyi, suka riƙa kunna motar buɗewar suna kashewa fiye da sau 13,000, ba ta buɗe ba. Da ƙaramar eriya ya riƙa turo saƙo a hankali bayan ya isa Jupita a Disambar 1995.

Akwai dai wurin da hannu ke kaiwa. A 2007 aka ga ɓarɓashin ƙarfe a katafaren zoben da ke juya farantan sola na Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. A Nuwamban 2008 'yan sama jannati suka fita waje suka goge shi, suka canza boris, suka shafa giris. A nan ne famfon giris ya tsiyaye a cikin jakar kayan aikin ɗaya daga cikinsu, Heidemarie Stefanyshyn-Piper, tana goge hannu jakar ta suɓuce ta bi sarari.

Wani dattijon direba ɗan Funtuwa da ke jiran a ɗaura masa taya yana ta sauraronmu yana cin goro. Da aka zo kan jakar sai ya tofar, ya ce, "Malam, da yaronka ne da sai ka cire kuɗin a albashinsa." Direban nan ne kuma ya kawo mini labarin cewa an sayar da filin garejin ba da saninmu ba, kuma daga nan za mu ci gaba da labarin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.